Koci ya ɗan taɓa ta a kan sanda, makinta ya gaza na wadda ta faɗi. Haka dokar take?

Maman Hanifa:

Salam jama'a. Don Allah masu yara a jimnastik ko waɗanda suka san harkar alƙalanci ku haska min wani abu, ni dai kaina ya ƙulle tun ranar Asabar. Yarinyata shekararta 9, tana lebul 4, gasar kuma da littafin USA Gymnastics ake yinta. A wasan sanduna biyu, ta ƙasa da ta sama, komai ya tafi lafiya a sandar ƙasa, tayi kip ɗinta tsaf (wato lilon da ake yi a rataye a ɗago jiki har ƙugu ya hau kan sanda), ta tsuguna a kai tayi tsalle ta cafe ta sama, to a kip na biyu ne ta maƙale, ƙugunta ya ƙi kaiwa sandar, kocinsu yana tsaye a gefe sai ya sa tafin hannu a bayanta ya ɗan tura ta. Wallahi ɗan turi ne kawai, in ka ƙifta ido ma bazaka gani ba. Sauran duk ita ta ƙarasa da kanta, ta dira cak ko taku ɗaya batayi ba. Maki ya fito 7.650.

Abinda ya tsaya min a rai, wata yarinya 'yar ƙungiyarsu faɗowa tayi ƙasa ɗungurungum wajen tsallen nan zuwa sandar sama, ta miƙe ta shafa alli ta sake hawa, aka bata 8.300. Ba hassada nake ba Allah ya sani, yarinyar ƙawar 'yata ce, amma ta yaya wadda ta faɗi zata fi wadda bata faɗi ba? Nawa ne takamaimai ake cirewa in koci ya sa hannu? Kuma da ya ƙyale ta ta faɗi ashe da yafi mata kenan? Sannan ni uwa ina da damar yin ƙorafi ko babu?

Anti Larai:

Wa alaikumus salam Maman Hanifa, sannu da haƙuri. Na daɗe ina zama a teburin alƙalai a gasar yara, kuma wannan tambayar taki kusan duk kakar wasa sai wata uwa ta tare ni da ita a bakin ƙofa.

Lebul 1 zuwa 5 a tsarin Amurka jerin dole ne, kowace yarinya motsi iri ɗaya takeyi, kuma kowane babban motsi da darajarsa a rubuce. Kip ɗin sandar sama a lebul 4 darajarsa 0.6. In koci ya taimaka a tsakiyar motsi abu biyu ne yake faruwa lokaci guda, ana cire 0.5 na sa hannun, sannan ana cire daga darajar motsin gwargwadon yadda hannun ya yi aikin, har zuwa duka 0.6 ɗin. Kinga tun daga nan ana iya kaiwa 1.1 kafin a zo maganar lanƙwasa gwiwar hannu ko buɗewar ƙafa ko tsayawar da tayi tana fafutukar hawa. Ita kuwa ƙawar tata faɗuwa 0.5 ce, motsin da ta faɗi a kansa kuma ƙarami ne a lissafi, ta sake hawa tayi kip ɗinta da ƙarfinta aka bata darajarsa cif. To lissafin bai bani mamaki ba ko kaɗan.

Maganar ɗan turi ne, nasan haka yake a ido daga wurin 'yan kallo, amma a kip wannan ɗan tazarar ta ƙarshe ita ce kip ɗin. Kowace yarinya zata iya lilo ta kawo ƙafa kusa da sanda. Wahalar tana wurin juya wuyan hannu da ɗora kafaɗu a saman sandar cikin rabin daƙiƙa, shi ne abinda yara suke shafe watanni suna nema. In hannun babba ne ya cike wannan gurbin, ni a matsayina na alƙaliya ban ga kip ba, na ga yunƙurin kip. Kamar malami ne ya kama hannun ɗalibi ya rubuta masa amsa ɗaya a jarrabawa, sauran takardar ta yaron ce, amma wannan amsar ba za a ƙirga masa ba.

Sai dai ki kula, ba duk taɓawa ce hukuncinta ɗaya ba, nan ne iyaye suke cakuɗa abu. In a wajen dira ne kawai koci ya tare ta bayan ta gama motsin, 0.5 ne amma motsin nata ne. In yarinya ta riga ta kuɓuce tana kan hanyar ƙasa koci ya cafe ta, faɗuwa kawai muke rubutawa, ba a haɗa mata da na sa hannu, don ba taimaka mata yayi ta yi motsi ba, hana ta buguwa yayi. In kuma ya tallabe ta duk da haka ta faɗi, to nan kam biyun ne, 0.5 da 0.5. Shi yasa zaki ga alƙaliya ta zuba wa hannun koci ido ba fuskar yarinya ba, muna duba a wane lokaci ya shiga, kafin ta saki ne ko bayan ta saki.

Da ya ƙyale ta fa? Ba lallai ta tsira ba. Kip ɗin da bai kai ba shima ana cire masa na rashin cikawa, in ta diro ƙasa ga 0.5 na faɗuwa. Kusan wuri ɗaya za a sauka.

Ƙorafi kuwa ba na iyaye bane, koci ne kaɗai yake cike takardar ya miƙa, kuma cikin 'yan mintuna bayan an gama zagayen. Ranar Asabar ta wuce kenan. Lokacin nan ba wasa ake da shi ba ko a manyan gasa, ki tuna rigimar lambar tagullar Jordan Chiles, 'yar wasan Amurka, a Olamfik na Faris 2024, kotun wasanni cewa tayi ƙorafin ya makara da daƙiƙa 4. Abinda zaki iya shine ki roƙi kocin ya zauna dake ku kalli bidiyon tare ya nuna miki inda kowane maki ya tafi.

Koci Isiyaku:

Anti Larai ta gama magana a ɓangaren lissafi, ni bari in faɗi yadda abin yake a ƙarƙashin sandar, don daga kujera ba a ganinsa.

Sandar sama tsayinta ya kai wajen mita biyu da rabi. Yarinyar da kip ɗinta ya mutu a rabi tana cikin wani hali da iyaye basu cika ganewa ba, ƙirjinta na jingine da sanda, nauyinta na baya, yatsunta sun fara zamewa. Wasu su saki su dira da ƙafa lafiya lau. Wasu kuma su ƙi saki saboda taurin kai, su cigaba da ja har hannun ya suɓuce, sai kaga ta tafi da baya, kuma abinda yaro yake fara yi shine miƙa hannu baya ya tare ƙasa, nan ake samun karayar gwiwar hannu da wuyan hannu. Kocin da yake tare da ita kullum ya san wace iri ce a cikin biyun. Alƙaliya bata sani ba, ke ma da kike can nesa da waya a hannu baki ga yatsunta ba. Shi ya gani, kuma ba shi da lokacin yin lissafin 0.5 da 0.6, hannu ne yake tafiya da kansa.

Ni a wurina maki ɗaya da ɗan wani abu ba komai bane in aka haɗa da sati shida a cikin filasta, da kuma tsoron sanda da yake shiga yaro bayan mugun faɗuwa, wanda wani lokacin yafi karayar wahalar warkewa.

Kuma ba yara kaɗai ba. A 2023 Simone Biles ta Amurka tana yin tsallen tebur ɗinnan na Yurchenko (wanda ake taka allon tsalle da baya) mai alkafura biyu, wanda aka sa wa sunanta a gasar duniya ta Antwerp, darajarsa 6.4, kocinta Laurent Landi yana tsaye a kan katifar dira. Bai ko taɓa ta ba, tsayuwar kawai 0.5 aka dinga cire mata, ta sani, shima ya sani, suka zaɓi haka da gangan. In wadda ta fi kowa a duniya zata sayi natsuwa da rabin maki, ban ga dalilin da za a ji kunya don 'yar shekara 9 ta yi ba. Wannan wasan ya ga abubuwa. Julissa Gomez a 1988 a Japan ƙafarta ta kuskure allon tsalle wajen Yurchenko lokacin ɗumama jiki, kanta ya bugi dokin tsalle da ake amfani da shi kafin a kawo tebur, ta shanye, ta rasu a 1991. Bayan nan ne aka kawo katifar nan mai siffar U da ake zagaye allon da ita, yau in kika yi irin wannan tsallen babu ita sifiri ne makinki. Yawancin dokokin tsaro na wasan nan sai da wani ya ji ciwo aka rubuta su.

Baban Zara:

Koci kayi haƙuri amma ni akwai inda ban yarda da kai ba. Babu mai cewa a bar yaro ya karye, wannan ba abin gardama bane. Tambayar da nake ganin ya kamata Maman Hanifa tayi ita ce, a atisaye kip ɗinnan yana fita kullum ko kuwa jefi-jefi? Don akwai kocin da hannunsa na gaggawa ne, akwai kuma wanda tun daga gida ya san yarinya bata da motsin, ya sa ta a gasa haka nan yana shirin tura ta. Na biyun ba tsaro bane, gaggawar hawa lebul ce. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A bar yarinya ta ƙara zama a lebul 3, ko ta shiga ɗaya tsarin gasar, Xcel, inda ake da zaɓin motsi, har ƙarfin ya zo.

Ni 'yata a wani kulob da muka bari, duk gasa sai an tallabe ta a dirar bim, wato siririn katakon da ake tafiya a kai, muna ta zuba kuɗin shiga gasa ana ta cire mata rabin maki, kocin yana cewa tana samun gogewa. Gogewar me? Ta saba da cewa akwai hannu a bayanta, ranar da aka janye hannun ta tsaya a ƙarshen katakon nan mai faɗin santimita 10 ta ƙi motsi. Kuma kar a manta ana buƙatar jimillar 34.00 a kayan wasa huɗu kafin a bar lebul 4, in kana zubar da maki ɗaya a sanduna duk gasa yaushe zaka kai.

Shi yasa ni nake ganin cire makin daidai ne, ba don a hukunta yaro ba, don ya hana manya yin zalama. Da ace sa hannu kyauta ne da kun ga 'yan shekara 7 ana ta wulla su a alkafurar da basu iya ba.

Maman Hanifa:

Nagode Anti, Allah ya saka, yanzu na gane lissafin. Baban Zara a atisaye tana yinsa gaskiya, amma ba kullum ba, in ta gaji yana ƙi. Ranar kuma sanduna ne na ƙarshe a zagayensu. Anti wani abu kuma, naga wasu koci suna tsayawa kusa da bim ko cikin filin ƙasa tun farko har ƙarshe basa taɓa yaran, su ba a cire musu?

yar_sanda:

anti maman hanifa nidai shawarata kar ki nuna mata ranki ya baci akan makin nan, kuma kar kice koci ne ya jawo miki a gabanta. nayi wasan nan tun ina karama har lebul 8 kuma abinda yafi komai ciwo ba makin bane, shine ka sauko kasan kowa yaga an taba ka, kunya kamar kasa ta tsage. in kuma taji kina zargin kocin gobe zata hau sanda tana tunanin kar ya taba ni kar ya taba ni, kuma yarinyar da bata yarda da mai tare ta ba ita ce take rike abu rabi da rabi, shine yafi hadari. mu a kulob dinmu kafin gasa ake yin magana, koci ya tambayeka in tsaya kusa ko in matsa, in kace ya tsaya to kun yarda in yaga abu zai shiga kuma babu fushi bayan haka. ki tambayeta ita me take so

Koci Isiyaku:

Baban Zara ai ba mu saɓa ba sosai. Kocin da ya mayar da tallabewa wani ɓangare na jerin yarinya a gasa yana cutar ta, na yarda. Inda zan tsaya shine wannan magana ta sai motsi ya fita kullum kafin a kai shi gasa. A yara babu kullum. Yarinya tayi tsawo santimita biyu cikin wata uku kip ɗin da take yi ido rufe ya gudu, sai an sake nemo shi. Sandar wurin gasa ba irin ta gida bace, wata tafi santsi wata tafi lanƙwasa, ga hayaniya, ga jira mai tsawo bayan ɗumama jiki har jiki yayi sanyi. Ni ma'aunina, in motsi yana fita mafi yawan lokaci, har a ƙarshen atisaye da gajiya, kuma in ya ƙi fita yarinyar ta san yadda zata sauka lafiya, to zan sa shi in tsaya kusa. In ba ta san yadda ake faɗuwa daga cikinsa ba bazan sa ba ko da kullum yake fita. Abinda Maman Hanifa ta faɗa, yana ƙi in ta gaji, ba matsalar dabara bace, ƙarfi ne bai isa ba tukuna, ɗaga ƙafa a rataye da hawan igiya da jan jiki sama su ne maganin, ba ƙara yawan kip da hannu a baya ba.

Kuma 'yar_sanda ta faɗi gaskiya, wannan yarjejeniyar kafin gasa muma muna yinta.

Anti Larai:

Maman Hanifa tsayuwa daban taɓawa daban, kuma ya danganta da lebul. A ƙananan lebul na jerin dole an sassauta sosai, koci zai iya shiga filin ƙasa ba a cire komai muddin bai taɓa ba, don an san yara ne. Daga lebul 6 zuwa sama inda kowa ke tsara nasa jerin sai a fara matsewa, in koci ya tsaya a gefen bim ko tsakanin sanduna tun farko har ƙarshe babbar alƙaliya tana cire 0.1, shiga cikin layin filin ƙasa ma akwai nasa. Amma ya matso wajen motsi ɗaya mai haɗari ya koma, wannan ba laifi. Akwai ma na baki, in koci yana ta faɗa wa yarinya abinda zatayi tana tsakiyar wasa, ana cire 0.2. Wasu iyayen basu san wannan ba.

Tunda na ga akwai masu karantawa da yaransu ba a tsarin Amurka suke ba, kar ku ɗauki lambobin nan ku tafi da su. Littafin hukumar duniya, FIG, wanda ake Olamfik da shi kuma ƙasashe da yawa suke gina na yaransu a kansa, ya fi tsanani. Tun 2006 suka bar tsarin maki 10, suka raba shi biyu, makin wahala da makin tsafta. A can faɗuwa 1.0 ce, sa hannun koci ma 1.0 ne daga makin ƙarshe, kuma motsin baya shiga lissafin wahala, in yana cikin haɗi ko yana cika wani sharaɗi duk sun tafi tare da shi. Duk da haka su ma sun yarda koci ya tsaya a wurin sanduna, saboda motsin da ake sakin sanda a sake kamawa. A na maza kuma koci ne yake ɗaga yaro ya kama zobba ko sanda kafin a fara, wannan ba a cire komai, wasa bai soma ba tukuna. Kowace ƙasa tana da sassaucin da take yi wa ƙananan yara, don haka ku nemi littafin da gasarku take bi da na shekarar da ake ciki, ana sabunta su.

Inda zan ce ki buɗe ido tun yanzu shine tsallen tebur, don nan hukuncin yafi ciwo. Motsi ɗaya ne tak, in an taimaka a cikinsa babu sauran abinda za a ba maki. A FIG sifiri ne kai tsaye. A tsarinku in koci ya taimaka a tsakiyar tsallen a lebul 4 ana cire 2.0, a lebul 5 kuma tsallen ya lalace gaba ɗaya, sai in a dira kawai ya tare ta shine 0.5. To kafin ta hau lebul 5 ki tabbata kun yi wannan maganar da kocin.